Dakta Joep Lange: Likitan Da Ya Nemar Wa Talaka Magani



Da aka ce in yi magana a kan aikin likita, sai na ga gara in ɗauko rayuwar mutum guda mu duba tare. Mutumin kuwa shi ne Dakta Joep Lange, ɗan ƙasar Holan, wanda aka haifa cikin 1954.

Ya ƙare karatun likita a Jami'ar Amsterdam cikin 1981, watau shekarar da likitocin Amurka suka fara ba da labarin cutar nan da muke kira ƙanjamau. A sa'an nan ba a ma san ƙwayar da ke kawo ta ba, sai cikin 1983 aka gano ta. Samari majiya ƙarfi suka riƙa ramewa suna mutuwa, jama'a na gudunsu. Wannan fage shi Lange ya zaɓa.

Ita ƙwayar nan saurin sauya kama gare ta, don haka magani ɗaya ba ya daɗewa yana cin ta. Lange yana cikin likitocin da suka nace a haɗa magunguna uku a lokaci guda, kuma cikin 1996 duniya ta shaida amfanin haka. Amma fa kuɗin maganin mutum ɗaya ya kai dala 10,000 a shekara. Turawa suka fara tashi daga gadon asibiti, mutanen Afirka kuwa sai jana'iza. Waɗansu masana har suka ce ba shi yiwuwa a kai irin wannan magani ƙauyukanmu. Lange ya ƙi yarda. Hujjarsa ita ce, tun da ana iya kai Coca-Cola mai sanyi kowane lungu na Afirka, lalle ana iya kai magani.

Bai tsaya ga faɗi ba. Ya kafa gidauniyar PharmAccess, wadda daga baya aikinta ya kai Jihar Kwara, inda ta taimaka wajen shirin inshorar lafiya na mutanen karkara. Ya kuma shugabanci ƙungiyar masana ƙanjamau ta duniya daga 2002 zuwa 2004. Ran 17 ga Yuli, 2014, yana kan hanyarsa ta zuwa taron ƙanjamau a Ostireliya, aka harbo jirginsu a gabashin Yukren. Mutum 298 suka halaka, har da shi.

'Yan'uwa, yau mai shan maganinsa kullum yana iya tsufa cikin iyalinsa, uwa kuma ta haifi ɗa lafiyayye. Amma magani ba ya kai kansa ƙauye. Gobe waninmu ne zai zama likita, wani akawun sito, wani mai sa hannu a takardar kuɗi. Ranar da takardar sayen magani ta kwana a teburinka, ka tuna akwai mai jiran ta a gadon asibiti.