Jawabin Bikin Cika Shekara: Kimiyya a Madafarmu

Hajiya shugaba, iyayenmu mata, yayye da ƙanne, da mazajenmu da suka daure suka zo, barkanmu da ganin wannan rana.

An ce in yi magana a kan tarbiyyar yara, ni kuwa na zaɓi abin da ya daɗe yana damuna a aji. Kun san malamar firamare ce ni. Yaranmu da yawa suna gama aji shida ba su taɓa ganin gwajin kimiyya da idonsu ba. A rubuta a allo, su kwafa, su haddace, jarrabawa na wucewa shi ke nan. In sun shiga sakandare sai ki ji suna cewa kimiyya wuya gare ta, su guje mata, musamman 'yan mata. Alhali kayan gwajin suna nan jibge a madafarmu.

Mu fara da zoɓo, tunda da yawanmu shi muke sayarwa. Ki tsiyaya ruwan zoɓo marar sukari a kofi uku na gilashi. Na farko ki bar shi haka. Na biyu yaro ya matsa lemun tsami, ja zai ƙara haske. Na uku ya ɗiga ruwan kanwa, nan take jan zai dushe ya koma duhu, har ya yi kore-kore. Kada ki yi saurin ba shi amsa, Yaya. Tambaye shi: me ka gani? Me kake zato zai faru in aka sa tsamiya? To toka fa? Abin da ke faruwa shi ne, launin zoɓo yana sauyawa gwargwadon tsamin abin da aka zuba masa. Mai tsami ya ja shi gefe guda, kanwa da toka su ja shi ɗaya gefen. A sakandare da wata 'yar takarda ta musamman ake wannan gwajin, kuma da kuɗi ake sayenta.

Masu waina ma kun san wannan. In ƙullu ya yi tsami, me kuke sa masa? Kanwa. Kumfar nan da ke tasowa iska ce da ake samu in tsami ya haɗu da kanwa, irin wadda ke cikin lemun kwalba. Ki ba yaro garin kanwa a murfi ya matsa lemu a kai, ya kasa kunne ya ji tana shuu.

Na ƙwai ba ya cin minti biyar. Sabon ƙwai yana nutsewa a ruwa. A yi ta zuba gishiri ana juyawa, yaro yana ƙirga cokali, har ƙwan ya taso, domin gishiri ya ƙara wa ruwan nauyi.

Wanda na fi so shi ne na randa. Me ya sa ruwanta ke sanyi? Ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin. Wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, wannan kawai ya duba. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Yalo da tumatir da kan lalace cikin 'yan kwanaki suka riƙa kai makonni, babu wutar lantarki. A shekarar 2000 aka ba shi kyautar Rolex a kan haka. Ku sa yara su haɗa irinta, tumatir ɗaya a ciki, ɗaya a waje, kullum su duba su rubuta a littafi. Masu sayar da kayan miya, ku ma ku leƙa littafin nan, ribarku ce.

Sai dai don Allah a kula. Sodar da muke haɗa sabulu da ita ba kanwa ba ce, tana cin fata, tana makantarwa. Kada yaro ya kusance ta, kuma kada a zuba ruwanta a robar lemu. Ban da wuta, ban da kananzir, ban da ɗanɗana abin gwaji, kuma babba yana wurin.

Taro mai zuwa zan zo da kofuna da kanwa. Wadda ke da zoɓo ta taho da shi, kowa ta riƙo ɗanta ko jikanta.