Idan Magani Ya Daina Ci



Manyanmu za su tuna lokacin da kulorakwin ke kwantar da zazzaɓin cizon sauro cikin kwana uku. Daga baya ƙwayar cutar ta saba da shi, har a 2005 Nijeriya ta koma ga magungunan ACT. Abin da ya faru da kulorakwin yana faruwa da magungunan kashe bakteriya, irin su kafson da muke saya a kemis.

Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi gargaɗi tun 1945 cewa shan maganin da bai kai ƙima ba yakan bar ƙwayoyin cuta da rai, su koyi jure masa. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu saboda bakteriyar da ta fi ƙarfin magani, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi shan wahala.

Da farko, muna bukatar ilimi. Mura bairos ne ke kawo ta, kafso ba ya taɓa ta. Wanda ya sha shi don mura ya horar da bakteriyar jikinsa ne kawai.

Na biyu, halinmu. Mukan ce likitan da bai rubuta kafso ko allura ba bai iya aiki ba. Mukan daina shan magani da zarar mun ji sauƙi, mu ajiye ragowar wa maƙwabci, muna ganin taimako ne. Haka kuma mukan zuba wa kaji magani alhali lafiyarsu lau.

Na uku, haɗin kai. Ƙwayar cuta ba ta neman biza. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shirin yaƙi da wannan matsala a 2015, kuma a 2024 ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince su rage mace-macen da kashi 10 cikin 100 kafin 2030.

Roƙona gare ku shi ne: a je asibiti a yi gwaji, a sha magani daidai yadda likita ya rubuta, kada a ba wani ragowa. A wanke hannu, a kai yara rigakafi. Zumuntar mata da ta matasa, ku kai wannan magana gida-gida, domin jikokinmu su tarar da magani yana ci.

Allah ya ba mu lafiya.