Wa Za A Tambaya? Majalisar Birtaniya Tsakanin Bankuna Da Gidan Waya



An nemi in yi magana a kan yadda majalisar dokoki ke bin diddigin halayyar bankuna da ta hukumomin da ke yi wa jama'a hidima. Na zaɓi in tsaya a Birtaniya, a kan bincike guda biyu da majalisa ɗaya ta yi tsakanin 2012 da 2015. Ɗaya ya haifar da doka, ɗayan ya watse ya bar bayin Allah cikin ƙunci. Abin da nake so in kafa a gabanku shi ne, majalisa ba ta iya gyara halin wata ma'aikata sai ta kai ga sunan mutumin da alhaki ya rataya a wuyansa, kuma ba ta kaiwa ga wannan suna sai tana da takardu a hannu, da gwanayen tambaya, da damar sake komowa kan maganar.

A 2008 gwamnatin Birtaniya ta ceto manyan bankunanta da kuɗin masu biyan haraji. Bankin RBS kaɗai ya lashe sama da fam biliyan 45, rukunin Lloyds, wanda ya haɗiye HBOS, ya karɓi kusan fam biliyan 20. A watan Fabrairun 2009 tsofaffin shugabannin RBS da HBOS suka zauna gaban kwamitin baitulmali na majalisar wakilai suka ba da haƙuri. Jaridu suka buga hotunansu, aka tashi, kowa ya kama gabansa.

Abin da ya sake tayar da ƙura shi ne badaƙalar Libor. A wancan lokacin, kowace safiya wasu manyan bankuna a Landan kan faɗi kuɗin ruwan da suke ganin za a caje su idan suka ranci kuɗi daga wani banki. Sai a yar da alƙaluman da suka fi yawa da waɗanda suka fi ƙanƙanta, a fitar da matsakaici. A kan wannan adadi, wato Libor, aka riƙa lissafa basussuka da kwangiloli na tiriliyoyin daloli a duniya. A ƙarshen watan Yunin 2012 hukumomin Amurka da Birtaniya suka ci tarar Barclays kimanin fam miliyan 290, saboda an gano dillalansa na roƙon masu miƙa alƙaluman su ɗaga ko su sauke domin cinikinsu ya yi riba. Shugaban bankin, Bob Diamond, ya yi murabus ranar 3 ga Yuli, washegari ya bayyana gaban kwamitin baitulmali.

Wannan zama shi ya tona raunin tsarin da aka saba. Kowane ɗan kwamiti yana da 'yan mintoci, kowa da tambayar da ya zo da ita daga gida, kafin ɗaya ya matsa wa mai ba da shaida lokacinsa ya ƙare, na gaba ya buɗe wani sabon babi. Diamond ya riƙa kiran 'yan majalisar da sunayensu na yanka, ya kewaya tambayoyi, ya fita. Daga baya kwamitin da kansa ya rubuta cewa mutumin ya zaɓi abin da ya ga dama ne ya faɗa.

Jam'iyyar adawa ta Leba ta nemi a ba alƙali binciken. Gwamnatin David Cameron ta ƙi, ta kafa kwamiti na musamman na majalisun biyu a watan Yulin 2012, ƙarƙashin Andrew Tyrie. Mutum goma ne, biyar daga kowace majalisa. A cikinsu akwai Nigel Lawson, tsohon ministan kuɗi, da Justin Welby, limamin coci wanda ya taɓa aiki a kamfanonin mai, kuma ana tsakiyar aikin aka naɗa shi babban limamin Kantabari. Abin lura a nan kayan aikin da aka ba su ne. An yarda su ɗauki manyan lauyoyi su yi wa masu ba da shaida tambayar ƙwaƙƙwafi, abin da kwamitocin majalisar ba su saba yi ba. An yarda su rabu ƙananan rukunai, kowane rukuni ya zurfafa a kan batu ɗaya. An ba su ƙwararrun ma'aikata da kusan shekara guda.

Da wannan suka tunkari HBOS. Rahoton da suka fitar a watan Afrilun 2013 bai fake da cewa guguwar tattalin arzikin duniya ce ta kayar da bankin ba. Ya nuna cewa bashin ganganci ne aka yi ta rabawa, kuma ya ambaci mutum uku: shugaban hukumar gudanarwa Lord Stevenson, da manyan manajoji biyu da suka gaji juna, James Crosby da Andy Hornby. Cikin 'yan kwanaki Crosby ya nemi a karɓe lambar girman da Sarauniya ta ba shi, ya kuma sarayar da kashi 30 cikin ɗari na fanshonsa. Shekara huɗu aka yi ana cewa tsari ne ya lalace, babu wanda ya motsa. Da aka kira sunaye, sai ga motsi.

Babban rahoton ya fito a watan Yunin 2013, kuma a ganina mafi amfanin abin da ke cikinsa shi ne bayanin yadda manya ke kuɓuta. Hanya biyu kwamitin ya gano. Ta farko rashin sani: an tsara banki ta yadda labarin ɓarna ba ya hawa sama, don haka shugaba zai iya rantsuwa cewa bai ji ba, bai gani ba, kuma ya yi gaskiya. Ta biyu taron dangi: kowace shawara a kwamiti aka yanke ta, hannu goma suka sa, saboda haka babu hannu ɗaya da za a riƙe. Duk wanda ya taɓa neman sanin wa ya ba da umarnin wani abu a wata ma'aikata, ya san waɗannan ƙofofi biyu.

Maganin da suka kawo mai sauƙin faɗa ne. A rubuta kowane muhimmin aiki na banki, a sa sunan babban jami'i ɗaya a gabansa, ya sa hannu cewa nasa ne, a ajiye takardar a wurin hukumar sa ido. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Suka ƙara da cewa a jinkirta biyan tukwicin ƙarshen shekara na manyan ma'aikata har tsawon shekara 10, domin idan cinikin da aka ba mutum lada a kai ya zama asara a iya ƙwacewa. Suka nemi a mayar da gangancin da ya rusa banki laifin da ake ɗauri a kansa. Suka kuma ƙarfafa shawarar da kwamitin John Vickers ya bayar a 2011, ta gina katanga tsakanin ajiyar talakawa da sashen banki mai kasadar zuba jari. Akasarin wannan ya shiga dokar gyaran bankuna ta Disambar 2013. Tsarin manyan jami'ai ya fara aiki a watan Maris na 2016, katangar ta tsaya a farkon 2019, laifin gangancin kuma hukuncinsa ya kai ɗaurin shekara 7.

Dole in faɗi abin da ya biyo baya, domin a nan ne abin ya fi ba ni ciwo. Kwamitin na wucin gadi ne, ya gama aikinsa ya rushe, bankuna kuwa suna nan da lauyoyinsu da masu kama musu ƙafa. Dokar ta tanadi cewa idan ɓarna ta auku a sashen wani babban jami'i, shi zai kawo hujjar cewa ya yi iya ƙoƙarinsa. A watan Oktobar 2015, tun kafin wannan sashe ya fara aiki, gwamnati ta ba da sanarwar cire shi, aka mayar da nauyin kawo hujja kan hukumar sa ido. Hukuncin da ya fi shahara a ƙarƙashin sabon tsarin shi ne tarar kimanin fam 640,000 da aka ci Jes Staley na Barclays a 2018, saboda ya yi ƙoƙarin gano wanda ya kwarmata wani bayani, kuma ya ci gaba da riƙe kujerarsa. A 2022 hukumomin sa ido suka rufe binciken tsofaffin shugabannin HBOS ba tare da ɗaukar mataki a kan kowa ba. Duk da haka ba zan ce aikin ya tafi a banza ba. Yau a kowane babban banki a Birtaniya akwai takardar da ke nuna wa za a tambaya, kuma kafin 2016 babu ita.

Yanzu mu leƙa gidan waya. Tun 1999 hukumar gidan waya ta Birtaniya ta sanya wata manhajar lissafi mai suna Horizon, ta kamfanin Fujitsu, a dubban ƙananan rassanta. Masu riƙe da rassan 'yan kasuwa ne na unguwa da ƙauye, masu biyan tsofaffi fansho da sayar da kan sarki. Manhajar ta riƙa nuna giɓin kuɗin da babu shi, kwangilar da suka sa wa hannu kuma ta ce su za su cike. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da sama da mutum 900, akasarinsu hukumar gidan wayan ce da kanta ta shigar da ƙararsu. An ɗaure wasu, wasu sun rasa gidajensu da mutuncinsu, wasu sun mutu kafin a wanke su. Kowa da ya kira neman taimako sai a ce masa shi kaɗai ne ke da wannan matsala.

'Yan majalisa ba su yi barci ba. James Arbuthnot ya shafe shekaru yana bin maganar, kuma matsin lambarsu ne ya sa aka ɗauko masu binciken kuɗi na waje, kamfanin Second Sight, a 2012. Ranar 3 ga Fabrairun 2015 kwamitin harkokin kasuwanci ya kira shugabar hukumar, Paula Vennells. Ta shaida musu cewa ba a ga alamar an zalunci kowa a shari'a ba. A wannan zama ɗaya, mai binciken Second Sight ya gaya wa kwamitin cewa ana hana su fayilolin ƙararrakin. Gaskiya tana cikin ɗakin, amma kwamitin ba shi da lauya, ba shi da fayilolin, ba shi da lokaci. A watan Maris hukumar ta sallami masu binciken, majalisa ta tashi domin zaɓen watan Mayu, maganar ta kwanta.

Ba majalisa ce ta fito da gaskiya ba. Masu riƙe da rassa su 555, ƙarƙashin jagorancin Alan Bates, ne suka kai ƙara, babbar kotu ta tabbatar a 2019 cewa manhajar tana da kurakurai, kuma ana iya shiga asusun reshe daga nesa a sauya alƙaluma, abin da hukumar ta daɗe tana musantawa. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin mutum 39 a watan Afrilun 2021. Sai da wani wasan kwaikwayo na talabijin ya girgiza ƙasar a Janairun 2024, sannan majalisa ta yi dokar da ta wanke ɗaruruwan mutane a lokaci ɗaya, a watan Mayun shekarar. Shekara 9 ke nan bayan wancan zama.

Halin da aka samu a gidan waya shi ne wanda aka samu a bankuna: kare sunan ma'aikata, toshe labari kada ya hau sama, murƙushe ƙaramin da ya yi ƙorafi. Kasancewar hukuma mallakar gwamnati bai tsare ta daga wannan ba. Har ma ina ganin ya ƙara mata mafaka, domin minista na cewa hukumar cin gashin kanta take yi, hukumar na cewa ta dogara da lauyoyi da kamfanin manhaja. Bankunan sun gamu da kwamitin da aka shirya wa aikin, gidan waya ya gamu da zaman safiya ɗaya.

Mu a Najeriya maganar ta shafe mu kai-tsaye, tunda daga Birtaniya muka gaji kwamitin binciken asusun gwamnati da al'adar ba ɗan adawa shugabancinsa. A rubuce ma ƙarfin majalisarmu ya fi nasu. Sashe na 88 da na 89 na kundin tsarin mulkin 1999 sun ba ta ikon bincike, da aika sammaci, da ba da takardar kamo wanda ya ƙi zuwa. Majalisar wakilan Birtaniya kuwa rabon da ta tsare wani tun 1880, kuma da wani mai suna Dominic Cummings ya ƙi amsa kiranta, tsawatarwa kawai ta iya yi masa a 2019. Amma da bankunanmu suka tasam ma durƙushewa a 2009, Babban Banki ne ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi ya tsige shugabannin bankuna biyar ranar 14 ga Agusta, kotu ce kuma ta hukunta ɗaya daga cikinsu, Cecilia Ibru, a 2010. A 2012, shekarar da aka kafa kwamitin Tyrie, binciken tallafin man fetur na majalisar wakilanmu ya fito da bayanai masu nauyi, sai dai shugaban kwamitin, Farouk Lawan, ya ƙare a gidan yari kan karɓar cin hanci, darajar rahoton ta tafi tare da shi.

Don haka roƙona ga 'yan majalisar da ke tare da mu bai shafi ƙarin iko ba. Idan za a binciki wani banki ko wata hukuma, a karɓi takardun kafin ranar zama, a ba ƙwararrun akantoci makonni su karanta. A bar lauya ɗaya ya ja zaren tambaya har ƙarshe, ko da hakan zai rage wa mambobi damar fitowa a talabijin. A nemi kowace hukuma ta miƙa jerin ayyukanta da sunan jami'in da ke riƙe da kowanne. Duk wanda ya zo ya faɗi abin da shugabanninsa ba sa so, a kare shi daga kora. Sannan tun a cikin rahoton a rubuta ranar da kwamiti zai sake kiran waɗannan mutane su faɗi abin da suka aiwatar, kuma fayil ɗin ya zauna a hannun ma'aikatan majalisa na dindindin, domin sabon zubin 'yan majalisa ya tarar da shi a buɗe bayan zaɓe.