Amana Kafin Talla: Jawabi a Kan Sana'ar Kayan Biki a Zamanin Intanet



Abin da muke so mu tattauna a yau ya shafi wata sana'a wadda kusan kowane gida a yankinmu na Ɗansoshiya yake da hannu a cikinta, watau sana'ar hidimar biki. Daga Bebeji zuwa Kiru, daga Tudun Wada zuwa Doguwa, da zarar kaka ta yi an sayar da masara da shinkafa, ko kuwa azumi ya matso, sai a shiga ɗaurin aure. A nan ne tela da kafinta da mai ƙunshi da mai dilka da mai tuyar alkaki da dubulan suke samun abin da za su riƙe gida. Wanda yake shakkar girman wannan kasuwa ya tuna auren gata da Gwamnatin Jihar Kano ta yi a watan Oktoba na 2023, inda aka ɗaura aure 1,800 a lokaci guda.

To, amma ina wannan ciniki yake tafiya? Yawancinsa yana bin hanyar Kwanar Ɗangora ne zuwa birni, zuwa Kantin Kwari da Sabon Gari. Yanzu kuma ga wata sabuwar hanya ta buɗe: amarya tana zaune a ɗakin uwarta, ta ga hoton kaya a Instagram ko Facebook, ta aika da kuɗi ga wanda ba ta taɓa gani ba. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya koya wa har mutanen ƙauye tura kuɗi ta waya. Wani lokaci kaya su zo daidai, wani lokaci su zo saɓanin hoto, wani lokaci kuwa a nemi mai shafin a rasa. Kuɗin da ya salwanta ta haka gumin damina guda ne, kuma yakan jawo ɗage biki da jin kunya a gaban surukai.

Masu sana'armu sukan tambaye mu, mu da muka yi boko, yadda za su tara jama'a a shafinsu. Amsarmu ita ce su dubi dillaliya. Iyayenmu mata sun daɗe suna miƙa mata kuɗin lefe ba tare da takarda ba, domin sun san gidanta, sun san mijinta, sun ga kayan da ta kai wa maƙwabta, kuma idan ta saɓa sun san inda za su kai ƙara. Waɗannan abubuwa su ne ya kamata a ɗauko a sa a shafi.

Na farko, mai sana'a ya bayyana kansa: cikakken suna, gari, unguwa da lambar waya wadda ake ɗauka. Ya yi wa sana'arsa rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, watau CAC, ya buɗe asusun banki da sunan nan. Mai saye yana ganin sunan asusu kafin ya tura kuɗi. Idan ya ga ya bambanta da na shafi, zuciyarsa ta karaya ke nan.

Na biyu, ya sa hoton aikin hannunsa, ko da bai kai na Dubai ƙyalli ba. Gani ya kori ji, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Sai dai kada ya buga hoton amarya ko ƙafarta da lalle sai da izininta. Al'adarmu ta hana, dokar kare bayanan mutane ta 2023 ma ta tsaya a kan neman yarda.

Na uku, ya rubuta farashi a fili, da adadin kafin alƙalami, da ranar da za a gama aiki, da abin da zai biyo baya idan an saɓa. Na huɗu, ya roƙi waɗanda ya yi wa aiki su ba da shaida da bakinsu, ya guji sayen mabiya na bogi, domin taron tsintsiya ne ba shara.

Bayan an kafa wannan tushe ne ake maganar jawo jama'a. A yi rubutu da Hausa, da kalmomin da mutane suke nema, kamar kayan lefe, kayan ɗaki, gara, a haɗa da sunan gari. A sa shago a taswirar Google, kyauta ne. A rage nauyin hotuna, domin sabis yana da rauni a ƙauyukan da ke gefen dajin Falgore, kuɗin data kuma ya tashi tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairu na 2025. Tela da kafinta da mai ƙunshi su riƙa ambaton juna a shafukansu, kamar yadda suke tura wa juna ciniki a kasuwa. Bugu da ƙari, kada a dogara ga dandali ɗaya. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke na kusan awa shida a duniya baki ɗaya. Wanda yake da shafin kansa da littafin lambobin abokan cinikinsa bai rufe shago ba a wannan rana.

'Yan'uwa, a nan ne nauyi ya hau kanmu. Yawancin masu wannan sana'a yayyenmu ne da gwaggonninmu, kuma da ribarta aka biya wa da yawa daga cikinmu kuɗin makaranta. Muna roƙon kowane ɗalibi, idan ya koma gida hutu, ya zauna da mai sana'a guda ɗaya, ya taya shi cike takardar rajista, ya ɗaukar masa hotuna na gaskiya, ya rubuta masa farashi. Ma'aikatan ƙananan hukumomi da ke tare da mu kuma su sauƙaƙa wa waɗannan bayin Allah hanyar samun takardun da suke bukata.

Allah Ya sa albarka a neman kowa, Ya ba ma'aurata zaman lafiya.