Kogi Ne Ya Zaunar Da Mu A Lau



Mu 'yan kasuwa ne, amma tarihin da ya shafi abincinmu dole mu san shi.

Hammaruwa, ƙanen Buba Yero na Gombe, shi ya kafa masarautar Muri bayan jihadin Shehu Usmanu. A 1892 wani Bafaranshe mai suna Mizon ya biyo Binuwai da jirgi, ya taimaki Sarki Muhammadu Nya da igwa, aka ci Kona. A 1893 Sarki ya kafa Jalingo.

To kun gani, a zamanin nan kogi ne babbar hanya, yaƙi ya bi shi, fatauci ma ya bi shi. Shi ya raya Lau. In damina ta cika shi, sai jiragen kamfani su sauke gishiri da yadi, su ɗebi gyaɗa da auduga. Cinikin nan ne ya zaunar da kakanninmu.

Da manyan motoci suka samu titi, sai jirgi ya ɗauke ƙafa. A 1991 aka ƙirƙiro Jihar Taraba, Jalingo ta zama hedkwata, kasuwa ta ƙara karkata can.

Jama'a, jirgin nan ba zai dawo ba. Mu sa yaranmu Islamiyya da boko, su iya neman abinci ko ina hanya ta juya. Mu kuma zauna da dattawanmu, mu rubuta labarin zuwanmu tun suna raye, kada gobe a tambayi jikokinmu su rasa amsa.

Allah ya yi mana jagora. Wassalam.