Sayen 'Yan Wasa Da Renon 'Ya'yanmu: Ina Ya Kamata Gudummawarmu Ta Nufa?

Jawabin Kwamitin Matasa da Wasanni a babban taron shekara na ƙungiya



Kwamitin Matasa da Wasanni yana godiya ga uwar ƙungiya da ta ba shi wannan dama. Kamar yadda mafi yawanmu suka sani, shugabannin kulob ɗin ƙwallon ƙafa na garinmu sun rubuto wa ƙungiya takarda suna neman gudummawa. Sun ɗauki sabon mai horarwa, shi kuma ya miƙa musu jerin sunayen 'yan wasan da yake so a sayo kafin kaka mai zuwa, da alkawarin cewa in an yi haka kulob zai haura rukuni na gaba. Rassa sun riga sun fara karo-karo, aka kuma ɗora mana nauyin mu duba lamarin kafin a saki kuɗi. Shawararmu ita ce a taimaka wa kulob, amma kaso mafi tsoka na abin da aka tara ya tafi ga renon yaran gida da yi musu rajista, sayen 'yan wasa ya biyo baya.

Da farko ya kamata mu yi wa mai horarwa adalci. Duk wanda ya san yadda ake gudanar da ƙananan rukunan gasar ƙasar nan ya san cewa koci ba ya samun dogon uzuri. In ya faɗi wasa uku a jere, 'yan kallo sun fara yi masa ihu, a na huɗu kuma shugabanni sun fara neman wani. Mutumin da ke cikin wannan hali dole ya jawo yaran da ya sani, waɗanda ya taɓa horarwa a wasu wurare, domin ba shi da lokacin gwada baƙin fuska. Wannan ba laifi ba ne. Hasali ma, sanayyar mai horarwa jari ce babba a harkar tamaula. Daniel Amokachi yana wasa a Ranchers Bees ta Kaduna lokacin da Clemens Westerhof, Baturen Holan da ya horar da Super Eagles daga 1989 zuwa 1994, ya gan shi ya sa shi cikin tawagar gasar cin kofin Afirka ta 1990 a Aljeriya, kuma a wannan shekarar ya wuce Club Brugge ta Beljiyam. A wannan zamani ne Tijjani Babangida ya tafi Roda ta Holan a 1991, daga can ya kai Ajax a 1996. Kafin su, Stephen Keshi ya isa Beljiyam a 1986, ya zama jagoran 'yan Nijeriya da dama da suka bi bayansa. Ƙofa takan buɗu ne idan akwai wanda ya san wani.

Abin da ya dame mu shi ne a hannun wa wannan sanayya take. Akwai labarin da ya kamata kowane shugaban ƙaramin kulob ya sani. Wani Bafaranshe mai suna Jean-Marc Guillou ya kafa makarantar horar da yara tare da kulob ɗin ASEC Mimosas a Abijan a 1994. Yaran sun yi fice ƙwarai, har suka doke Esperance ta Tunisiya a wasan Super Cup na Afirka a 1999 suna samari ƙanana. Guillou tsohon abokin Arsene Wenger ne, domin Wenger ya yi masa mataimaki a Cannes a 1983. Ta wannan zumunci Kolo Toure ya shiga Arsenal a 2002. A 2001 kuma Guillou ya karɓi ragamar wani ƙaramin kulob na Beljiyam mai suna Beveren, ya cika shi da yaransa na Kwaddibuwa, har ta kai akwai ranakun da kusan duk waɗanda suka shiga fili 'yan Abijan ne. Yaya Toure da Emmanuel Eboue duk sun bi ta nan. Beveren ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙasar a 2004, mutanen garin suka yi ta murna. Da dangantaka ta yanke, yaran suka watse, kulob ya faɗa rukuni na biyu a 2007, a 2010 kuma aka narkar da shi cikin wani kulob na maƙwabta. Yaran sun ci riba, Arsenal ta ci riba, garin da ya ba da fili da riga shi ya tashi a tutar babu. Iyayenmu sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Idan muka zuba kuɗin rassa wajen sayo yaran koci, ranar da ya sami wani aiki mafi tsoka, kuma muna yi masa fatan ya samu, da su zai tafi.

Yanzu bari mu zo kan maganar kuɗi, domin a nan ne muke ganin an daɗe ana yi mana sakiyar da ba ruwa, kuma yawancin laifin na rashin sani ne.

Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, tana da doka a kan haƙƙin wanda ya reni ɗan wasa. Duk lokacin da aka sayar da ƙwararren ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata alhali kwantiraginsa bai ƙare ba, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Shekaru huɗun farko, wato 12 zuwa 15, kowace shekara tana da kashi 5 cikin 100 na abin da aka ware. Daga 16 zuwa 23 kowace shekara tana da kashi 10. Kuma ba sau ɗaya ake biya ba, duk cinikin da aka sake yi a kansa sai an sake warewa. Ban da wannan akwai ladan horo, wanda ake biya idan yaro ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararru, ko ya sauya ƙasa kafin ya wuce shekara 23.

Mu ɗauki Ahmed Musa, tunda kowa a ɗakin nan ya san shi. Ya taso a makarantar GBS ta Jos, ya zo Kano Pillars ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, ya karya tarihin ƙwallo 17 da Ishaya Jatau ya kafa a 1990. Ya tafi VVV Venlo ta Holan a 2010, CSKA ta Mosko a 2012, sannan Leicester ta Ingila ta saye shi a 2016 a kan kimanin fam miliyan 16. Kashi 5 cikin 100 na wannan ciniki ɗaya ya kai fam dubu 800. Kulob ɗin da ya riƙe yaro irin wannan daga shekara 12 zuwa 15 kaɗai yana da haƙƙin kashi 1 cikin 100 na kuɗin cinikin gaba ɗaya, wato fam dubu 160. Muna roƙon ma'ajin ƙungiya ya juya wannan zuwa naira, ya gaya mana shekara nawa za mu yi muna karo-karo kafin mu tara shi.

To amma akwai sharaɗi, kuma a kansa ne jawabin nan ya rataya. Ba a biyan wanda ya ce shi ya koya wa yaro ƙwallo, ko da duk unguwa za ta yi masa shaida. Ana biyan kulob ɗin da ke da rajista da hukumar ƙwallon ƙafa, wanda kuma ya yi wa yaron rajista da sunansa a waɗannan shekaru. Tun watan Nuwamba na 2022 FIFA ta buɗe wani ofishi a birnin Faris wanda ke karɓar waɗannan kuɗaɗe yana rarraba su, kuma abin da yake dubawa shi ne tarihin rajistar ɗan wasa da ke cikin kwamfuta. Shekarar da ba a rubuta ba, kamar ba a yi ta ba ce. Malamin makarantar da ya yi shekara biyar yana saya wa yaro takalmi daga albashinsa, yana kai shi wasa a bayan babur, ba zai ga ko sisi ba, sai wani kulob na birni da ya riƙe yaron wata shida ya rubuta sunansa ya kwashe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bugu da ƙari, tun 2015 FIFA ta haramta wa wani attajiri ko kamfani ya mallaki kaso a cikin kuɗin sayar da ɗan wasa. Saboda haka 'yan uwanmu masu hali da ke ɗaukar nauyin yara a kan alkawarin baka su sani cewa hanya ɗaya da gari zai amfana ita ce ta kulob mai rajista.

Wataƙila wani ya ce ai wannan zancen manyan birane ne. Zaidu Sanusi ɗan Jega ne a jihar Kabi, kuma a Jega United ya fara. Ya tafi Fotugal ya yi wasa a ƙananan rukunai da Mirandela, ya wuce Santa Clara, Porto ta ɗauke shi a 2020. A watan Mayu na 2022 shi ya ci Benfica ƙwallo a gidanta a mintunan ƙarshe, ƙwallon da ta ba Porto kofin ƙasar. Mohammed Kudus ya taso a Nima, unguwar da Hausa ta zama harshen kasuwa a birnin Ankara na Gana. Makarantar Right to Dream ta rene shi, ya bi ta Nordsjaelland ta Denmak zuwa Ajax a 2020. Abin lura a nan shi ne masu makarantar su ne suka sayi kulob ɗin na Denmak a 2015, don haka hanyar tana hannun makaranta, ko wane koci ya zo ko ya tafi. A nan gida kuma, Ikenne ƙaramin gari ne a jihar Ogun. Makarantar Beyond Limits da ke can ta ci kofin matasa na Viareggio a Italiya a 2024, kulob ɗin garin, Remo Stars, ya ci gasar firimiya ta ƙasa a 2025. Gaskiya ne akwai attajiri a bayansu, mu kuwa karo-karo muke yi. Amma sun gina wurin kwanan yara da filin horo.

Akwai kuma batun shekaru, wanda ba a son faɗarsa a bainar jama'a. Tun gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a ƙasar nan a 2009, wadda Kano da Kaduna da Bauchi suna cikin masu masauki, ake ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don tantance shekaru. A 2016 'yan wasanmu 26 suka faɗi wannan gwaji ana gab da karawa da Nijar, Nijar kuwa ta fitar da mu, alhali mu ke riƙe da kofin duniya na 2015. Yaron da aka rage wa shekara huɗu an cuce shi, an kuma cuci ƙaninsa da ya cancanci gurbin. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda aka karɓa tun yaro yana ƙarami, ita ce garkuwarsa. Iyaye kuma su sani cewa doka ta hana kai yaro wasa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan. Shi kansa Ahmed Musa sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoba na 2010 kafin ya fara wa Venlo wasa. Duk dillalin da ya zo ya ce a sayar da gona a ba shi kuɗin biza zai kai ɗan shekara 15 Turai, a nuna masa hanya. Dillalin gaskiya lasisi gare shi, kuma kulob ɗin da ke son yaro shi ke biyan kuɗin jirgi.

Mun san abin da ke ran matasanmu, suna so su ga kulob ya haura bana. Mu ma muna so. Sai dai haurawa tana zuwa da nata nauyin: tafiye-tafiye masu nisa, albashi, masauki, kuɗin rajistar gasa. Kano Pillars, mai kofin ƙasa huɗu, na 2008 da 2012 da 2013 da 2014, wadda ta fitar da Al Ahly ta Masar a 2009 ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Afirka, ga kuma gwamnatin jiha a bayanta, ita ma ta faɗa rukuni na biyu a 2022 kafin ta dawo a 2023. In haka ta faru da Sai Masu Gida, kulob ɗin da ya haura da ƙafar aro ba mu san da me zai zauna ba.

Don haka ba mu ce kada a sayi kowa ba. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma yara suna bukatar manya a gefensu. A ba mai horarwa damar ɗauko gogaggu kaɗan a guraben da gida ba ta da su, musamman mai tsaron gida da mai tsaron baya, a kan kwantiragi rubutacce da sunan kulob, wanda lauyoyin ƙungiya za su duba kyauta. A cikin nasa kwantiragin kuma a rubuta cewa zai riƙa sa yaran gida a wasa, zai kuma ware rana guda a mako ya horar da masu horar da yara na unguwanni. Ragowar kuɗin a kafa ƙungiyoyin 'yan ƙasa da 13 da 15 da 17 ƙarƙashin kulob, a yi musu rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, a shigar da su gasannin matasa irin Kofin Ramat da ake yi a Kano. Yaron da ba ya zuwa makaranta ba zai sa riga ba, domin cikin kowane ɗari 'yan kaɗan ne ƙwallo za ta ciyar, sauran kuwa sai da abin yi.

Mai girma Shugaba, muna neman a amince a wannan zama da naɗa magatakarda guda, mai ɗan alawus a wata, wanda aikinsa kawai shi ne riƙe fayil ɗin kowane yaro: takardar haihuwa, hoto, sa hannun mahaifi ko waliyyi, da shaidar rajistar kowace kaka. Reshen babban birnin jiha ya ɗauki nauyin bin takardun a ofishin hukuma, tunda su ne kusa. Mun ajiye daftarin fom ɗin a teburin sakatare, shugabannin rassa su karɓi kwafi kafin a tashi.