Kwal ɗin Lafiya da Obi: Ko Zai Zama Iskar Gas?

Kwal yana komawa iskar gas ne idan aka gasa shi a rufe, aka hana shi cin wuta sosai. Ana farfasa shi ko a niƙe, a zuba cikin wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe, a hura masa tururi da iskar oksijin daidai gwargwado, wadda ba ta isa ta cinye shi ƙurmus ba. Zafin cikin tukunyar yakan haura digiri 700 a ma'aunin Salshiyas, a wasu tukwanen ma har ya kai 1,500. A wannan zafi kwal yake haɗuwa da tururin ya sauya, a sami iska mai ɗauke da haidurojin da kabon monoksaid, toka kuma ta kwanta a ƙasa. Daga nan sai wanki: a tace ƙura da kwalta, a cire farar wuta. Iskar da ta rage ana iya juya injin lantarki da ita, ko a sarrafa ta zuwa man dizal, ko a yi amoniya, uwar takin yuriya.

Dabarar ta tsufa. Tun 1812 aka kafa kamfanin da ya haska titunan Landan da gas ɗin kwal. Jamusawa biyu, Fischer da Tropsch, suka gano hanyar mayar da wannan iska mai a 1925. Afirka ta Kudu, mai tarin kwal amma ba man fetur, ta kafa kamfanin Sasol a 1950, kuma har gobe masana'antarsa ta Secunda a kan kwal take rayuwa. Sin ce ke kan gaba a yau, mafi yawan takin yuriyarta daga kwal yake fitowa.

Abin da ya jawo Jihar Nasarawa cikin zancen shi ne kwal ɗin da ke kwance tsakanin Lafiya da Obi, wajen Jangwa da Agwatashi. An haƙa ramukan bincike a can cikin shekarun 1970, lokacin da ake nema wa kamfanin ƙarfe na Ajaokuta kwal ɗin narka tama. Aka tarar yana cikin irin wanda ke dunƙulewa idan an gasa shi, abin da kwal ɗin Inugu, wanda aka gano a 1909, ba ya yi. Sai dai toka da farar wuta sun yi masa yawa, ga shimfiɗunsa sirara, ƙasar kuma ta kakkarye. Maganar ta tsaya nan.

To, aibin da ya kore shi daga ƙarfe bai rufe masa ƙofar gas ba. Tukwanen gas ƙirar Lurgi da Sasol ke aiki da su kwal mai toka sosai suke ci, farar wutar da aka cire kuwa haja ce ta sayarwa. Ga jihar da ke noma doya da shinkafa da riɗi, masana'antar taki a bakin gona ba ƙaramin abu ba ne.

Amma gyara da ɓarna tare suke tafiya. Aikin yana shan ruwa ƙwarai, yana kuma fitar da kabon dayoksaid fiye da gas na ƙasa. Secunda na cikin wuraren da suka fi fitar da shi a duniya. Ga tsada: tashar lantarki ta Kemper a Amurka, wadda aka gina don ta yi aiki da gas ɗin kwal, ta laƙume sama da dala biliyan 7, ƙarshenta a 2017 aka jingine kwal aka koma gas na ƙasa. Najeriya kuwa tana da gas ɗin da ya haura ƙafa tiriliyan 200 a awon kubik, wani ma ƙona shi ake yi a banza a Neja Delta.

Saboda haka riga malam masallaci ne a fara maganar gina masana'anta. Abin da ya wajaba a kan gwamnatin jiha da Jami'ar Tarayya ta Lafiya shi ne a sake auna yawan kwal ɗin da zurfinsa, a gwada shi a ƙaramar tukunya, a ƙididdige ruwan da zai sha, sannan a zauna da mutanen Obi da gonakinsu ke bisa kansa.